Ruwan Zafi a Kan Murjani

A layin masu kayan gini, tsakanin shagon mai fenti da na mai sayar da makullai, akwai wani mutum da kowa ke kira Mai Gilashi. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan yana yankan gilashi a wannan shago. Mahaifinsa kafinta ne mai haɗa firam ɗin taga, shi ya kai shi koyon aikin tun yana ɗan shekara goma sha uku, don a samu mai cike ramukan da yake bari. In ka gaisa da shi za ka ji tafin hannunsa kaushi kamar bayan itace, duk tabon yanka ne, wani a kan wani. Ba shi da yawan magana. Yakan ce gilashi ba ya son mai surutu, domin sau ɗaya ake jan layi a kansa, in ka koma ka sake ja to ka ɓata. Maƙwabtansa na kasuwa suna tsokanarsa wai shi kaɗai ne mai murna in yara sun kafa wasan ƙwallo kusa da tagar mutane. Sai ya yi murmushi ya ci gaba da awonsa.

Matarsa tela ce, a gida take ɗinki. Suna zaune a hawa na uku na wani tsohon bene, ɗaki biyu da falo, sai ɗan tsukukun kicin mai taga ɗaya a saman wurin wanke-wanke. Tun tana yarinya take fama da ciwon fuka, abin shaƙarta kullum yana cikin aljihun keken ɗinki tare da zare da alli. Sun daɗe ba su haihu ba, da haihuwar ta zo kuma 'ya ɗaya ce, daga ita ba a ƙara ba. Aka riƙa ce mata Tilo har sunan ya bi ta makaranta, ya bi ta gidan miji. Uwar kuwa ta zama Maman Tilo a bakin duk mutanen benen, har shi mijin haka yake kiranta.

Yana da shekara arba'in da bakwai wani tsohon likitan haƙori ya aiko a kira shi da gaggawa. Ya tafi da tunanin taga ce ta fashe. Da ya shiga ɗakin jiran marasa lafiya sai ya tarar da ƙasa jage-jage da ruwa, ga wani ƙaton tankin gilashi ya tsage daga kusurwa, ga bokitai jere a bango. Likitan, da wando a naɗe har gwiwa, ya nuna masa tsagar ya ce ya taimaka ya gama kafin gobe, domin abin da ke cikin bokitan ba zai jure ba. Mai Gilashi ya leƙa bokitin farko. Ya ga kifaye masu launin da bai taɓa gani a jikin mai rai ba. A na biyu kuma wasu duwatsu ne, a kansu wasu abubuwa kamar furanni suna buɗewa suna rufewa ba tare da iska ta taɓa su ba. Ya tambaya ko na roba ne. Likitan ya yi dariya ya ce murjani ne, kuma dabba ce, tana ci tana girma tana mutuwa, kuma ruwan nan na gishiri ne kamar na teku.

Ya gyara tankin a yini guda. Bayan mako ɗaya ya koma wai duba gam ɗin da ya sa, bayan wani makon ya sake komawa. Likitan ya gane ba gam ke kawo shi ba, ya fara koya masa. Da ya ba Maman Tilo labari ta ce ita dai murjanin da ta sani a wuya ake rataya shi, in akwai mai cin abinci to a kawo ta gani da idonta.

Wata takwas ya yi yana haɗa nasa tankin. Ya zaɓi gilashi mai kauri, ya goge bakinsa da kansa, mai walda ya yi masa teburin ƙarfe, suka jingina shi da bangon da ke da ginshiƙi saboda nauyin ruwa. Ya koyi tace ruwan famfo kafin ya zuba gishirin buhu, ya koyi auna gishirin da wani ɗan ma'auni da ake ɗiga masa ruwa a leƙa ta ƙarshensa. Ya sa injin da ke juya ruwa dare da rana, da fitila mai shuɗin haske, da 'yar fanka da ke hura saman ruwan in gari ya yi zafi. Likitan ya ba shi duwatsu masu rai ya ce ya bar su mako shida kafin ya saka kifi ko ɗaya. Mako shidan nan Maman Tilo ta sha dariya, duk wadda ta zo karɓar ɗinki sai ta nuna mata tankin ta ce ga gonar duwatsun maigidan nan, ana jiran su yi 'ya'ya. Kifayen farko da ya saka sun mutu a cikin kwana goma, don ya yi gaggawar tara su. Ya kwashe su da cokali, ya sake jira. Da ya ga ɗauke wuta na awa biyu ma yana sa kifi haki a saman ruwa, ya sayo inbata, na'urar da ke ba da wuta in an ɗauke, da batura biyu ya ajiye a ƙarƙashin teburin.

Daga baya likitan ya tsufa ya rufe asibitinsa, ya koma wurin 'ya'yansa a wata ƙasa. Kafin ya tafi ya ba Mai Gilashi sauran duwatsunsa. Ba su sake jin ɗuriyarsa ba.

Abin da bai zata ba shi ne yadda Maman Tilo ta shiga cikin lamarin. Shi yana shago tun safe, ita ce ke yini da tankin. Ta janyo keken ɗinkinta daga ɗaka ta kafa shi a falo. Ita ta raɗa wa komai suna. Akwai wani dogon kifi fari da ke ɗibar yashi a baki yana fitarwa ta gefen wuya, ta ce wannan Mai Tankaɗe ne. Akwai rawaya guda mai faɗa da kowa, ta ce Sarkin Gida. Akwai jatan lande mai jan baya da kifaye ke zuwa su tsaya a gabansa ya tsince musu datti a jiki, wannan Wanzami. Wanda ta fi so shi ne wani murjani ruwan hoda mai siraran rassa, wanda suka samu bai kai kan yatsa ba ya girma har ya kai faɗin faranti. Leshi take ce masa. In maigidan ya dawo da yamma, kafin ya cire takalmi ta fara ba shi rahoto: wane ya kori wane, wane ya ƙi cin abinci. Mutum biyun da suka yi shekara ashirin ba su da doguwar hira sai ta kuɗin makaranta da gyaran famfo, sai ga su suna musu a kan halin kifi.

Tilo ba ta taɓa damuwa da tankin ba. Ta girma a gefensa kamar yadda ake girma a gefen firji. Ta yi karatu ta zama malamar kimiyya a makarantar sakandare, ta yi aure a can ɗaya gefen garin. In ta zo takan ce iyayenta sun yi mata ƙanne masu ƙaya, sun fi ta gata.

A shekara ta goma sha ɗaya wani abu ya fara yaɗuwa a cikin tankin. Wasu ƙananan murjani ne zagayayyu, launin ƙasa, masu ɗan kore a tsakiya. Tun a kan duwatsun likitan suka zo, guda biyar ko shida a wata kusurwa, ba wanda ya kula su. Maman Tilo ta ce maɓallan riga ne. A hankali maɓallan suka rufe dutse guda, suka tsallaka na biyu, suka fara hawa gindin Leshi. Duk inda suka taɓa, reshen ya yi fari ya mutu. Ya gwada kankare su da wuƙa a cikin ruwa, bayan wata guda suka dawo sun ninka. Wani lokaci bayan ya taɓa su yakan ji yatsunsa sun yi dundum, bakinsa ya yi ɗaci kamar ya tsotsi tsabar kuɗi, sai ya ɗauka gishiri ne ya shiga yankan hannunsa. Maman Tilo kuwa kullum maganarta ke nan, ya yi wani abu kafin su cinye mata Leshi.

Wata Asabar aka tashi da ruwan sama, kasuwa ba kowa, ya rufe shago da hantsi ya dawo gida. Ya ce yau za a yi ta ta ƙare. Ya ciro dutsen da maɓallan suka fi yawa ya sa a babbar roba ya kai kicin. Tunaninsa mai sauƙi ne, ba mai ran da ke jure tafasasshen ruwa. Maman Tilo ta ɗora babbar tukunya. Tagar kicin a rufe take saboda feshin ruwan sama. Da ruwan ya tafasa ita ta riƙe tukunyar da tsumma tana tsiyayawa, shi yana durƙushe yana dirzar dutsen da burushin ƙarfe. Tururi ya cika ɗakin, da wani ƙarni kamar na ruɓaɓɓen ganye. Suka ƙara tukunya ta biyu. Ta yi tari sau biyu ta ce wannan wari sai ka ce ana dafa takalmi. Suka bar dutsen a cikin robar ya huce, suka koma falo, kyanwarsu na kwance a bakin ƙofar kicin inda ta saba.

Kafin la'asar ya fara jin sanyi yana ratsa ƙashinsa, idonsa na raɗaɗi, ga ɗacin nan a baki ya fi na kullum. Ya ce mura ce ruwan sama ya jawo. Ita ma ta ce jikinta duk ciwo, ta shiga ta kwanta. Can ya ji tana shaƙar maganinta, ta sake shaƙa, ta sake. Da ya leƙa ya same ta zaune a bakin gado ta dafa gwiwoyi, ƙirjinta na ƙara kamar ana jan zarto, leɓenta ya canza launi. Ta kasa haɗa kalma biyu. Ya sauka bene yana dafa bango, ya buga ƙofar wani direban tasi da ke hawa na ɗaya. Direban da matarsa ne suka sauko da ita a kan kujera. A cikin motar shi ma ya fara amai.

A asibiti aka raba su. Likitocin suka fara ɗauka ciwon huhu ne ya kama su tare, ko wani abu suka ci. Washegari da safe Tilo ta je gidan ɗauko musu kaya. Ta tarar da kyanwar a mace a ƙarƙashin teburin kicin, ga robar da dutse a ciki. Minti kaɗan ta yi maƙogwaronta ya fara ƙaiƙayi. Ta buɗe tagogi ta fita ta tsaya a matakala, ta ciro wayarta ta fara bincike. Ba ta yi minti goma ba ta samu. Irin waɗannan maɓallan wasu daga cikinsu suna ɗauke da dafi mai tsanani, kuma babban abin da ake gargaɗin masu tanki a kai shi ne kada su kuskura su zuba musu ruwan zafi, domin dafin yana bin tururi ya shiga huhu. Ta koma asibiti ta nuna wa likitan. Ya karanta ya ce bai taɓa cin karo da irinsa ba, ya tafi ya yi waye-wayensa. Da ya dawo ya ce abin ya yi daidai da abin da suke gani, kuma ba shi da makari, sai dai a tallafi jiki har ya fitar da shi.

Mai Gilashi kwana huɗu ya yi aka sallame shi. Maman Tilo ta yi ashirin da shida, tara daga ciki inji ne ke yi mata numfashi. Yakan zauna a benci a bakin ɗakin da aka hana shiga, yana kallon ta ta gilashin ƙofa. A rana ta shida Tilo ta zo ta zauna a ɗaya ƙarshen bencin.

"Baba," ta ce, "shekara goma sha ɗaya kana auna gishiri kana auna zafi. Ba ranar da ka taɓa tambayar mene ne wannan abin da kake kiwo a falo?"

"Ban sani ba, Tilo."

"Na san ba ka sani ba. Shi ya sa nake tambaya."

Ya duba hannuwansa. Ta tashi ta koma wurin ma'aikaciyar jinya.

Kafin a sallamo uwar, wasu ma'aikata sanye da safar hannu da abin rufe hanci suka zo suka ɗauke robar da dutsen, suka wanke kicin da falo da bilic. Tilo ta so su haɗa da tankin gaba ɗaya. Shi ma ya yarda, ya ce a jira dai uwarta ta farfaɗo a faɗa mata. Da aka faɗa mata sai ta girgiza kai. Muryarta ta koma raɗa, tana hutawa a tsakanin kalmomi.

"Ni na ce a cire su. Ni na ɗora tukunyar, ni na zuba. In hukunci za ki yi ki fara da ni." Ta ja numfashi. "Likita ya ce ba zan ƙara hawa da sauka ba. Me kike so in riƙa kallo, bango?"

Tilo ta ce, "Mama, abin nan ya kusa kashe ki."

"Dutse ɗaya ne. Sauran ba ruwansu."

Haka tankin ya zauna. Ya sa doguwar safar roba da tabarau, ya ciro duk dutsen da ke da maɓalli ko ɗaya, ya ƙulle su a leda uku-uku ya miƙa wa ma'aikatan nan. Tankin ya yi fili, rabinsa yashi ne kawai. Leshi ya tsira da rassa kaɗan.

Maman Tilo ta dawo gida da huhun da likita ya ce ya yi tabo, ba zai koma yadda yake ba. Aka kawo wani inji mai girman ƙaramar akwati da ke tace iska, da siririn bututu da ke maƙale a hancinta. Aka fito da gadonta falo. Ta gwada taka keken ɗinki sau ɗaya, ba ta gama hannun riga ba ta jiƙe da gumi, daga ranar aka rufe shi da zani. Mai Gilashi ya koma buɗe shago rabin yini. Ya koyi girki yana da shekara hamsin da takwas, ya koyi wanke mata kai, ya koyi gane numfashinta daga kicin. Har yanzu yana canza ruwan tankin duk mako, yana auna gishiri, yana goge gilashin. Amma ya daina zama a gabansa. In ta ce zo ka ga abin da Wanzami ke yi, sai ya zo ya tsaya ya ce ya gani, ya koma bakin aikinsa. Ta lura. Wata rana ta ce masa in zai riƙa yi wa kifin nan kallon maƙiyi gara ya faɗa, don suna gani. Ya ce kifi ba ya gane fuska. Ta ce ita tana ganewa.

Tilo tana zuwa duk bayan kwana biyu. Takan gaishe shi yadda ya kamata, ta tambayi magunguna, ta zauna da uwarta ta juya wa tankin baya.

Wata tara bayan haka, a tsakiyar zafi, taransifomar unguwar ta ƙone. Aka ce gobe za a gyara, goben ta zama jibi. Mai gidan benen ya daɗe da hana janareta. Batura biyun da ke ƙarƙashin teburin ba za su iya ɗaukar injin iska da injin tanki tare ba. Mai Gilashi bai tsaya tunani ba, ya zare wayar tankin ya bar ta iska. Injin ruwan da ya yi shekara goma sha biyu yana gunji a falon ya yi shiru, har Maman Tilo ta farka daga gyangyaɗi ta tambaya me ya faru. Da ta gane ta ce ya riƙa raba musu, awa ɗaya ita, awa ɗaya su, ai tana iya jurewa in tana kwance. Ya ce a'a. Ta sake faɗa da yamma. Ya ce mata in ta ƙara tayar da maganar zai kira Tilo.

Kullum da safe yakan sauke batur ɗaya a kafaɗa, hawa uku, ya kai shagon mai fenti a yi masa caji, ya hau da shi da azahar ya sauke ɗayan. Tsakanin haka yana tsaye a kan tankin da jug, yana ɗibar ruwa yana zubawa daga sama don iska ta shiga. Ya sayo ƙanƙara ya sa a kwalabe ya jefa a ciki. A rana ta biyu ƙanƙara ta yi wuya a duk unguwar. Ruwan ya yi ɗumi kamar na wanka. Wanzami ne ya fara mutuwa, suka gan shi a kwance a gefe ƙafafuwansa a sama. A rana ta uku Leshi ya saki launinsa, naman ya riƙa saɓulewa daga rassan kamar jiƙaƙƙiyar takarda, ruwan ya yi fari-fari. Sarkin Gida ya yi ta haki a sama har ya kife. Mai Gilashi ya ɗauko zani zai rufe gilashin, ta ce ya bari. Ta kwanta a gefenta, bututu a hanci, tana kallo har ba a iya ganin komai a ciki. Mai Tankaɗe ya kai rana ta huɗu. Mai Gilashi ya ciro shi ya sa a bokiti da sabon ruwan gishiri, bai kai la'asar ba.

Wari ya fara tayar mata da tari, dole ya kwashe komai a ranar. Ya sa safarsa, ya yi sawu ashirin da wani abu da bokiti zuwa magudanar bayan bene. Da ya gama ya zauna a matakala, matar direban tasi ta kawo masa ruwa ya sha. An dawo da wuta a rana ta shida.

Ya yi wa Maman Tilo tayin ya sake haɗa wani tankin, ko na ruwan daɗi ne mai kifi biyu. Ta ce ya bari, ta gaji da sa wa abu suna. Ta sa ya juya gadon ya fuskanci taga. Daga nan maganarta ta ragu, cin abincinta ya ragu. Likita ya ce zuciyarta ce ta gaji da turawa ta cikin huhun da ya taurare, kuma da wutar ta ɗauke da ba ta ɗauke ba a nan za a ƙare. Wata biyar ta ƙara. Ta rasu a asibiti wata Talata da hantsi, Tilo na riƙe da hannunta, shi yana tsaye a ƙarshen gadon. Maganar ƙarshe da ta yi masa a kan wani yadi ne shuɗi da ke cikin durowa, na wata mata a hawa na biyu, ta ce a mayar mata a ba ta haƙuri.

Masu zuwa gaisuwa duk abu ɗaya suka faɗa masa, tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kowa da sanadinsa. Yayan marigayiyar ma, wanda ya ji tsoron haɗuwa da shi, ya dafa kafaɗarsa ya ce kada ya ɗora wa kansa. Yana amsawa da godiya. Tilo kaɗai ce ba ta faɗa masa haka ba, kuma maganarta kaɗai yake jira.

Bayan wata biyu ya yanke gam ɗin tankin da reza, ya sauke gilasan ɗaya bayan ɗaya. Wani mai kemis ya saye su ya yi kanta. Ya je shagon da ake sayar da kifin ado a cikin gari, inda ya saba sayen gishiri, ya ba mai shagon labari tun daga farko. Mutumin ya jajanta masa sosai, ya rubuta gargaɗi a kwali ya manna a jikin tankin murjani. Da Mai Gilashi ya sake bi ta wurin bayan wasu makonni kwalin ba ya nan. Mai shagon ya ce yana tsorata masu saye, amma yana faɗa musu da baki. Bai yi musu ba, bai kuma sake komawa ba.

Ya saki gidan benen ya kama ɗaki ɗaya kusa da kasuwa. Yana nan yana yankan gilashi, sai dai idonsa ya fara rauni, yanzu sau biyu yake awo kafin ya ja layi. Maƙwabtansa sun daina tsokanarsa, shi kuwa ya fi son da sun ci gaba.

Shekara guda da rabi bayan rasuwar, mijin Tilo ya zo shagon ya ce an sauka lafiya, mace ce. Mai Gilashi ya rufe shago ya sa rigarsa mai kyau ya bi shi. Ya sami Tilo zaune a kan gado ta jingina da filo, jaririyar a ƙirjinta. Ta ce sannu da zuwa, Baba. Ya yi mata barka, ya matso ya miƙa hannu biyu. Ta dubi hannuwan.

"Ka wanke hannu?"

Mijin ya yi sauri ya ce haka take yi wa kowa, har shi, likita ne ya ce. Mai Gilashi ya ce ai gaskiya ne. Ya shiga banɗaki ya wanke da sabulu har gwiwar hannu, ya ɗauraye ya sake wankewa. Da ya fito ta miƙa masa yarinyar. Ya riƙe ta a tsaye, bai zauna ba, har ta fara motsi tana neman nono, uwar ta karɓe ta.

Yanzu Tilo takan kawo masa yarinyar shago sau ɗaya a wata, ran Asabar. Takan tsaya daga bakin ƙofa saboda ɓaraguzan gilashi a ƙasa, shi kuma ya fito su gaisa a waje. Suna maganar haƙoran yarinyar da tsadar mota da ciwon gwiwarsa. In sun yi kamar rabin awa ta ce za su wuce kafin rana ta yi, ya raka su har bakin titi ya tsayar musu da mota.